Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: cibin wa ake nufi a asibiti?

Uwar Biyu: Salamu alaikum. Jiya na ji wata nas tana faɗa wa wata majiyyaciya wannan karin magana, saboda ta ƙi bayyana magungunan da take sha a gida. Na gane nufinta sarai. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, majiyyaci kaɗai maganar ta kama? Idan sakamakon gwaji ya fito, likita ya ja dangi gefe aka haɗa baki kada mai jikin ya sani, su ba su ɓoye cibi ranar wanka ba?

Dattijo: Wa alaikumus salam, 'yata. Kada mu ja karin magana inda ba ta kai ba. Mai cibi shi ne wanda ake yi wa wankan. Ma'anarta, idan buƙata ta zo, kunya ba ta da wurin zama. Likita kuwa mai riƙe da soso ne, ba shi ya tuɓe ba.

Nas Mai Aikin Dare: Baba ya yi gaskiya ta wannan ɓangaren. Na taɓa shirya wani saurayi za a shiga da shi ɗakin tiyata. Sau uku ina tambayarsa ko ya ci wani abu, yana cewa a'a. Muna tura gadon sai ya kama hannuna, murya ƙasa-ƙasa, ya ce ya ɗan taɓa abinci awa biyu da suka wuce, yunwa ce ta matsa masa. Dole aka ɗaga aikin. Shi ya sa ake cewa a bar abinci kamar awa 6 kafin a sa mutum barci, don abin da ke ciki yana iya dawowa ya shiga huhu. Da ya yi shiru, Allah kaɗai ya san yadda za a ƙare.

Ɗalibin Likita: Baba, a gafarce ni, ni ina ganin Anti ta taɓo abu babba. Likitoci ma sun daɗe suna ɓoyon. A wani bincike da aka buga a Amurka a 1961, kusan kashi 90 cikin ɗari na likitocin da aka tambaya sun ce ba sa gaya wa mai ciwon daji abin da ke damunsa. Da aka sake irin tambayar, a binciken da aka buga a 1979, kashi 97 suka ce suna faɗa. A tsakanin nan ne asirin wani binciken likitoci da aka yi a garin Taskigi na Amurka ya tonu a 1972: tun 1932 ake bibiyar baƙaƙen fata 399 masu ciwon tunjere a jihar Alabama, ba a gaya musu sunan cutar ba, aka kuma hana su maganin fenisilin bayan an tabbatar yana warkar da ita. Cibin nasu ne, amma wasu ne suka rufe musu shi.

Marayan Zaki: Ni abin a gidanmu ya faru. Da aka gano ciwon daji a hantar mahaifinmu, mu 'ya'yansa muka roƙi likita ya rufa mana, muka ce wa tsohon gyambon ciki ne. Wata biyu muna shiga ɗakinsa da murmushin dole. Wata rana ina gyara masa matashi sai ya ƙura mini ido ya ce, "Me ya sa yayarka ba ta iya kallona?" Na ce gajiya ce. Bai sake tambaya ba. Labarin zuciya a tambayi fuska, ya riga ya karanta mu. Bayan rasuwarsa muka tarar da wata takarda a aljihunsa, ya fara rubuta bashin da ake binsa, bai gama ba. Da mun faɗa masa, da bakinsa zai yi wasiyya, ya nemi gafarar waɗanda yake so. Mun ɗauka tausayinsa muke ji. Yanzu na san kanmu muka tausaya wa, don ba za mu iya zaman da zai biyo bayan maganar ba.

Dattijo: Allah ya jiƙansa, ɗana, ya sa ya huta. Ka sa jikina ya yi sanyi. Amma ka bar ni in ƙara wannan: gaskiya ɗaci gare ta, kuma ba kowane maƙogwaro ke iya haɗiye ta lokaci guda ba. Na san wanda ranar da aka gaya masa ya daina cin abinci.

Nas Mai Aikin Dare: Akwai irinsu, Baba. Shi ya sa ba a jefa wa mutum labari kamar dutse. A zauna, a ja labule, a tambaye shi me ya fahimta game da jikinsa, sannan a ce, "Kana so in yi maka bayani duka, ko akwai wanda ka fi so mu yi magana da shi?" Idan ya ce a gaya wa babban ɗansa, shi ke nan, shi ya zaɓa. Abin da ba na yarda da shi shi ne a yanke masa hukunci a bayan ƙofa.

Uwar Biyu: To wanda aka nuna wa cibin fa? Ai shi ma an ɗora masa amana.

Ɗalibin Likita: Ƙwarai, Anti. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A rantsuwar da Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta amince da ita a Janiba a 1948, likita yana alkawarin riƙe sirrin majiyyaci, daga baya ma aka ƙara cewa ko bayan mutuwarsa. Inda ake kai ruwa rana shi ne idan sirrin zai cuci wani, misali magidanci mai ƙanjamau da ya ce kada matarsa ta ji. Abin da ake koya mana shi ne a fara lallashinsa ya faɗa da bakinsa, a ce za a zauna tare da shi lokacin faɗar.

Uwar Biyu: Idan ya kafe fa? Ni mace ce, a wurin matar nan nake tsaye.

Dattijo: Nan kam ban da karin maganar da zan ba ki, 'yata. Da 'yar cikina ce, zan so a gaya mata tun kafin dare ya yi.