Ina neman tsohon bugun Ruwan Bagaja

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum. Don Allah wa ke da tsohon bugun Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda kamfanin buga littattafai na NNPC Zariya ya buga? Nawa gadonsa na yi daga Baba, sunansa ma na nan a shafin farko da shuɗin biro. Da shi na koyi karatu a gaban fitilar ƙwai, ina dariyar rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Bara da damina ɗaki ya yi yoyo, shafukan suka manne. Na sayi sabo, amma wallahi ba ɗaya ba ne.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Kada ka ɓamɓare shafukan da ƙarfi, kada kuma ka shanya a rana. Sa farar takarda tsakanin waɗanda suka rabu, ka danne da abu mai nauyi.

Hajiya Uwani: Ɗana, ka sosa min inda ke min ƙaiƙayi. A 1934 ya fara fitowa, tare da Ganɗoki na Bello Kagara, yayan Abubakar Imam, bayan gasar rubutu ta 1933. Ni Magana Jari Ce nake tarawa. Na ɗaya da na biyu suna cikin adakata da kafur saboda gara. Na uku wata maƙwabciya ta ara, shekara ashirin ke nan.

Sani Mai Shayi: Yaya, leƙa wajen masu kasa tsofaffin littattafai a Sabon Gari. Ka je da sassafe, ka tona har ƙasan tulin.

Ɗan Tudun Wada: Na gode ƙwarai. Hajiya, in na ci karo da na uku zan riƙe miki.