Neman shawara: muhawara kan masu adawa da zubar da ciki a Amurka

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna da muhawara a sashen kimiyyar siyasa: shin masu adawa da zubar da ciki a Amurka suna kan magana ɗaya? Ni ne zan ce a'a. Hujjata ita ce suna cewa rai suke karewa, amma suna goyon bayan hukuncin kisa. Ta ishe ni?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Ba ta isa ba ƙanena, nan take za a kayar da kai. Za a ce ɗan tayi bai yi laifin komai ba, wanda aka yanke wa hukunci kuwa ya yi. Kuma ba a taru an zama ɗaya ba. Tun 1983 babban limamin Katolika na Chicago, Joseph Bernardin, ya haɗa zubar da ciki da hukuncin kisa cikin abin ƙi, a 2018 kuma Fafaroma Francis ya ce hukuncin kisa ba abin yarda ba ne. Raba su tukuna: 'yan Katolika daban, sauran coci-coci daban, 'yan siyasar jam'iyyar Republican daban. Can gefen 'yan siyasa ɓarakar take.

Amsa ta 2: Tafi Alabama. A Fabrairun 2024 kotun ƙolin jihar ta ce ƙwan haihuwa da aka haɗa aka daskarar a asibiti yaro ne a idon doka. Wannan shi ne ainihin aƙidarsu, cewa rai na farawa da haɗuwar ƙwai da maniyyi. To me ya faru? Asibitocin IVF, wato masu haɗa ƙwai da maniyyi a wajen jikin mace sannan su dasa a mahaifa, suka tsayar da aiki don tsoron ƙara, ma'aurata masu neman haihuwa suka tada murya, cikin makonni majalisar jihar, wadda ke hannun Republican, ta yi dokar kare asibitocin. A wannan aiki kuwa akan haɗa ƙwai fiye da wanda za a dasa, ragowar a ajiye ko a zubar. Ka tambayi abokin karawarka: in yara ne, yaya aka kare masu zubar da su?

Amsa ta 3: Ƙari kan haka, a Mayun 2022 aka kawo ƙuduri a Louisiana da zai sa a tuhumi macen da ta zubar da ciki da kisan kai. Manyan ƙungiyoyin masu adawa da zubar da ciki fiye da 70 suka sa hannu a wasiƙar ƙin hukunta mata. Amma ka shirya, za su ce maka macen ma cutarta aka yi, likita ne mai laifi.

Amsa ta 4: Malam, kada ka manta zancensu na "a bar wa jihohi", wato kowace jiha ta yi dokarta kan zubar da ciki. Ranar 24 ga Yunin 2022 hukuncin kotun ƙolin Amurka da ake kira Dobbs ya soke na Roe na 1973, wanda ya ba mata 'yancin zubar da ciki a ƙasa baki ɗaya. Watan Satumba bai ƙare ba Sanata Lindsey Graham na Republican ya kawo ƙudurin hana zubarwa bayan mako 15 a ƙasa baki ɗaya. A Ohio kuma, da 'yan Republican suka ga yadda ƙuri'ar raba gardama kan zubar da ciki a jihar Kansas ta juya musu baya, sai suka nemi a ɗaga ƙuri'ar gyaran tsarin mulkin jiha zuwa kashi 60 a Agustan 2023, jama'a suka ƙi. Fara da wannan, ka rufe da Alabama.