Zari-ruga: abin da aka tsayar a tattaunawa

1. Asali. Kowa ya yarda sunan wasan na Turanci, wato rugby, daga makarantar Rugby ta Ingila ya fito. Labarin William Webb Ellis, yaron da aka ce ya rungumi ƙwallo ya ruga a 1823, ya raba kan mutane: wasu sun karɓa, mafi yawa sun ce ba hujja.

2. A 1895 wasan ya rabu biyu kan biyan 'yan wasa: mai mutum 15 da wanda ya koma 13. Gasar duniya ta wasan mai mutum 15 ta fara a 1987. Afirka ta Kudu ta ɗauki kofin sau 4, Japan ta karɓi baƙunci a 2019.

3. Sabon shiga ya fara da wasan taɓawa, babu kayarwa, har hannunsa ya saba da miƙa ƙwallo baya ko gefe. Miƙawa gaba laifi ne.

4. Robar kare haƙori dole ce. Wajen kayarwa, kafaɗa a cinyar abokin karawa, kai a gefensa, kada a gaban gwiwarsa. Nan ake samun raunin wuya. Wanda kansa ya bugu ya fita, kada ya dawo ranar.

5. An saɓa kan shekarun da yara za su fara kayarwa. Mafi rinjaye: sai ƙungiya tana da ƙwararren koci.