An hana ni zaɓen fidda gwani a New York: in shiga jam'iyya ko in jira a buɗe ƙofa?

Maman Yusra, Bronx:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga mu zama a ƙasar nan, don abin ya daɗe yana cina.

A 2023 na yi rantsuwar zama 'yar Amurka. Muna fitowa daga zauren sai ga wasu mata da tebur da fom na rajistar zaɓe. Na cike komai, da na zo wurin jam'iyya sai hannuna ya tsaya. Ni a gidan da na tashi, mahaifinmu ko fosta bai yarda a manna mana a bango ba, tun abin da ya gani a rikicin Santsi da Taɓo a Kano. Sai na sa alama a layin ƙarshe, mai cewa ba na son shiga kowace jam'iyya. A Nuwamban 2024 na jefa ƙuri'ar shugaban ƙasa lafiya lau, ba wanda ya ce min kanzil.

Sai ranar 24 ga Yunin 2025, zaɓen fidda gwanin magajin gari. Wanda ke nan ya san zafin da aka yi ranar, kamar Sakkwato a watan Afrilu. Na sauko daga aikin dare, ko gida ban biya ba, na bi layi a makarantar unguwarmu da gorar ruwa a hannu. Matar da ke duba sunaye ta buga nawa a na'ura, ta juyo min da allon, ta ɗora yatsa a kan haruffa uku: BLK. Ta ce ma'anarsa fanko, ba ni da jam'iyya, yau kuma zaɓen 'yan jam'iyya ne. Haka na fito ina gumi, ina kallon maƙwabtana suna manna 'yar takardar nan ta "na yi zaɓe" a ƙirji.

Yanzu wata abokiyar aikina ta shiga masu fafutukar a buɗe wa 'yan indifenda, wato mu marasa jam'iyya, zaɓen fidda gwani. Ta ce kada in kuskura in shiga jam'iyya, wai yawanmu ne ƙarfinmu. Mai gidana kuma ya ce in daina wahalar da kaina in sauya rajista kawai. Wanne zan bi?

Baban Khalifa, Harlem:
Wa alaikumus salam. Yaya Hajiya, kafin a shiga dogon zance ki riƙe rana ɗaya: 14 ga Fabrairu. A jihar New York, wanda ya riga ya yi rajista kuma yake son sauya jam'iyya don zaɓen Yuni, dole takardarsa ta isa hukumar zaɓe kafin ranar ta wuce. In ta makara ko da kwana ɗaya ne, sauyin ba zai fara aiki ba sai bayan an gama zaɓen Yuni, ihu bayan hari ke nan. Wannan ma sassauci ne da aka samu a 2019. A zaɓen 2016 tun watan Oktoban 2015 aka rufe ƙofa, mutane da yawa suka sha irin abin da kika sha.

Sannan ki cire hoton jam'iyyar gida a ranki. Ba kati, ba kuɗin shiga, ba taron mazaɓa, ba wanda zai ce ki zo ki yi wa wani mubaya'a. A Nuwamba ƙuri'arki a ɓoye take, ki ba wanda kika ga dama. Abu ɗaya dai zan gaya miki tsakani da Allah: jam'iyyar da mutum ya rubuta ba sirri ba ce, 'yan takara na samun jerin sunayen, za ki ga akwatin wasiƙarki ya cika da takardu, a kuma riƙa ƙwanƙwasa miki ƙofa ranar Asabar.

A Bronx kuwa, yawancin kujeru duk wanda ya ci fidda gwanin Dimokurat ya gama. Nuwamba walima ce, a Yuni ake ɗaurin auren.

Alhaji Mai Taya, Houston:
Ikon Allah. Mu nan Teksas ko tambayar jam'iyya babu a fom ɗin rajista. Ranar zaɓe za a ce maka wacce takarda kake so, ka nuna, a miƙo maka. Sharaɗin kawai, in aka je zagaye na biyu ba ka tsallaka wancan ɓangaren. Ni a zatona haka ƙasar take duka.

Inna Ladi, Filadelfiya:
Alhaji, ina fa. Mu a Fensilbaniya a kulle yake kamar na su Maman Yusra, kuma mu marasa jam'iyya mun haura miliyan ɗaya. 'Yata, ni ina bayan abokiyar aikinki. Shekara goma sha ɗaya ke nan da na samu takardar ƙasa, ban shiga ba kuma ba zan shiga ba. Da kuɗin wa ake buga takardun zaɓen nan? Wa ke biyan matar da ta juyo miki da allo? Harajinmu ne, wanda ake yanka tun kafin albashi ya shigo hannu. A karɓi kuɗina a yi girki, sannan a ce ba zan sa hannu a kwano ba sai na sa anko? In taron jam'iyya ne su kama zaure da kuɗinsu, ba ruwan kowa. Binciken Gallup na 2024 ya nuna kashi 43 cikin ɗari na Amurkawa suna kiran kansu indifenda, sun fi 'yan kowace jam'iyya yawa. In kowa ya ji zafin rana sau ɗaya ya ruga ya shiga, wa zai rage ya yi magana?

Malam Habu, Silver Spring:
Inna, Allah ya ƙara girma, hujjarki ta haraji mai ƙarfi ce, amma bari in kawo ta ɗaya ɓangaren don Hajiya ta ji duka. Jam'iyyun cewa suke: ɗan takararmu ne, mu za mu sha kunya ko daɗinsa, don me wanda ya ƙi mu zai zaɓar mana? Kotun Ƙoli ma ta taɓa ba su gaskiya. A 2000 ta soke tsarin Kalifoniya na wancan lokaci, inda kowa ke iya sa hannu a fidda gwanin kowace jam'iyya, ta ce ya taka 'yancinsu na haɗa kai da wanda suke so. Tsoron zagon ƙasa kuma ba tatsuniya ba ce: a 2008 mai shirin rediyon nan Rush Limbaugh fitowa ya yi fili yana tura 'yan Rifablikan su je su zaɓi Hillary Clinton don rikicinta da Obama ya yi tsawo.

Abin da na fi so ki tambayi abokiyar aikinki shi ne: wace irin buɗewa suke nema? Suna ɗaya ne amma kaya iri-iri ne. Akwai irin na Kolorado tun ƙuri'ar 2016, inda jam'iyyu ke nan da zaɓensu, ɗan indifenda a aiko masa da takardu biyu ta gidan waya ya cike ɗaya ya mayar. In ya cike biyun, duk sun lalace. Akwai kuma wanda Kalifoniya ta koma a 2010, a zuba kowa a takarda ɗaya, biyun da suka fi ƙuri'a su wuce Nuwamba. Shi ya sa a 2016 takarar Sanata ta zama tsakanin Kamala Harris da Loretta Sanchez, duk 'yan Dimokurat, ɗan Rifablikan ya je rumfa bai ga nasa ba. Ni na farkon zan sa wa hannu yau ɗin nan. Na biyun sai na yi nazari.

Baban Khalifa, Harlem:
Kuma Inna, a duba tsawon jiran. A birnin nan magajin gari na lokacin, Bloomberg, ya kawo batun zaɓe ba jam'iyya tun 2003, wajen kashi 70 cikin ɗari suka ce a'a. A 2025 kwamitin gyaran kundin birni ya sake ɗauko maganar, aka yi ta zaman jin ra'ayi, da Yuli ya zo suka ajiye ta, ko takardar zaɓe ba ta hau ba. Fulorida ta samu kashi 57 a 2020, amma 60 ake buƙata. A 2024 an kayar da irin wannan a Nebada da Arizona da Aidaho da Dakota ta Kudu. Yaya Hajiya za ta yi ta jiran gawon shanu ne ana zaɓar mata ɗan majalisar unguwa?

Inna Ladi, Filadelfiya:
Ɗana, ka lissafo faɗuwa ka manta nasara. Alaska ta buɗe a 2020, aka zo rushewa a 2024 aka kasa, duk da tazarar ba ta kai ƙuri'a dubu ba. Birnin Washinton ya amince a 2024 da rinjaye mai yawa. Sabuwar Meziko ta sa hannu a doka a 2025. Da mutanensu sun ce jira ya yi tsawo, da yanzu suna inda muke.

Ɗan Zongo, Bronx:
Ni dai dariya nake. Mu da muka saba jin labarin deliget ana kulle su a otal ana ƙirga musu dala, yau ga mu muna faɗa a kan a bar kowa ya shiga. Allah ya kai gida wannan matsayi.

Amma ga magana ta gaske, tunda group ɗin nan akwai sababbin zuwa. Duk wannan zance na wanda ya yi rantsuwar ƙasa ne. Mai girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, kada ya taɓa fom ɗin rajista, ko wa ya miƙo masa a bakin masallaci ko a wurin lasisin mota. Dokar da birni ya yi ta barin waɗanda ba 'yan ƙasa ba su yi zaɓen ƙaramar hukuma, babbar kotun jiha ta kashe ta a Maris 2025. Sa hannu ɗaya na iya jawo a hana mutum takardar ƙasa, har a kore shi.

Anti Balki, Greensboro:
Ƙanwata, ni ban ga taura biyu a nan ba. Mu a Karolina ta Arewa marasa jam'iyya ne suka fi yawa a rajista, kuma muna zaɓar fidda gwanin da muke so, don haka na san daɗin abin, ina fata ku samu. Amma in an kawo tambayar a takardar Nuwamba, ba a duba jam'iyyar mutum kafin ya ce e. Wasiƙa zuwa ga ɗan majalisar jiharku da ke Albany, babban birnin jihar, ma, ta wanda ke da ƙuri'a a Yuni ta fi saurin karantuwa, don ya san za ki iya kayar da shi. Ki shiga, ki ci gaba da zuwa taron su abokiyarki. Ranar da aka buɗe, fom ɗaya ne ki koma fankonki.

Maman Yusra, Bronx:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Inna, ki yafe ni, na ji maganarki har cikin raina, amma ba zan iya sake tsayuwa a layin nan a juyo min da allo ba. Na kira abokiyar tawa na yi mata tambayar Malam Habu, ta yi shiru, ta ce ita ma sai ta tambayo a taronsu na Alhamis, na ce ta biyo ta ɗauke ni. Fom kuma mai gida ya bugo min tun ɗazu, yana nan kan firji ƙarƙashin maganaɗisu, na cike komai saura layin jam'iyya. Baban Khalifa, in na aika ta gidan waya ranar da aka buga tambari ake dubawa ko ranar da ta isa?

Baban Khalifa, Harlem:
Ranar da ta isa. Ki kai da hannunki, Yaya, ki ce su buga miki tambari a kwafinki.