Neman shawara: ƙanena soja ne a gida, ga fom ɗin SF-86 a gabana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Maryland, shekara 6 ke nan da zama ɗan ƙasar Amurka. Wani kamfani mai yi wa ma'aikatar tsaro kwangila ya ɗauke ni aiki, amma sai an ba ni izinin ganin bayanan sirri, mataki na tsakiya da suke kira Secret. Kafin nan sai na cike fom ɗin SF-86, wato takardar tambayoyin da ake binciken mutum da ita. Ga abin da ya hana ni barci. Hajiyarmu tana Zariya, duk wata ina tura mata dala 300. Ina da fili na gado, fasfona na Najeriya bai ƙare ba, sannan ƙanena hafsa ne a rundunar sojin Najeriya. Wani aboki ya ce kada in rubuta ƙanen nawa a fom ɗin, wai wa zai sani. Don Allah wanda ya taɓa bin hanyar nan ya ba ni shawara.

Yaya daga Virginia: Wa alaikumus salam. Ƙanena, wannan abokin naka zai jefa ka rami. Fom ɗin yana tambayar 'yan uwanka na jini ɗaya bayan ɗaya, kuma yana tambaya ƙarara ko wani cikinsu yana da alaƙa da gwamnati ko sojan wata ƙasa. Ƙarya a kai laifi ne da kan iya kai mutum ɗaurin shekara 5. Kuma masu bincike na DCSA, hukumar da ke binciken masu neman wannan izini, kan iya zuwa wajen maƙwabta da tsofaffin abokan aiki. Mutum ɗaya ya ce "ai ƙanensa soja ne", shi ke nan, maganar ta tashi daga zumunci ta koma rashin gaskiya, ita kuwa wannan da wuya a wanke ta.

Maman yara, Houston: Ka je ka mayar da fasfon Najeriya tun kafin su tambaya. Haka maigidana ya yi.

Yaya daga Virginia: Maman yara, a da haka ake yi, amma ƙa'idojin SEAD 4 na 2017, waɗanda ake bi wajen ba da wannan izini, sun sauya wannan. Zama ɗan ƙasa biyu shi kaɗai ba ya hana mutum. Abin da suke so shi ne ka bayyana fasfon, kuma da na Amurka za ka riƙa fita da shigowa Amurka. Kada mai tambaya ya yi komai da fasfon Najeriyan sai ya yi magana da jami'in tsaron kamfaninsu.

Wani tsohon ma'aikaci: Ni an taɓa aiko mini da takardar dalilan ƙin amincewa, don haka bari in ɗan daɗe a kai. Cikin ƙa'idoji 13 na SEAD 4, ta B ce za ta kama ka, wato tasirin ƙasar waje. Ba zarginka suke yi da cin amana ba. Tambayarsu ita ce, idan wani ya matsa wa Hajiya ko ƙanenka, za ka iya lanƙwasawa? Kuɗin da kake tura wa uwa ba abin kunya ba ne, ka rubuta adadin daidai. Filin ma sai su auna darajarsa da abin da ka mallaka a nan, gida, asusun fansho, mata da yara 'yan ƙasa. Ƙanen ne mai nauyi. Za su so jin muƙaminsa, sau nawa kuke waya, ko ya san aikin da za ka yi. Shawarata, daga yau ka daina zancen aiki da shi kwata-kwata, ko a rukunin WhatsApp na gida. Hukunce-hukuncen DOHA, ofishin ma'aikatar tsaro mai sauraron shari'o'in wannan izini, suna nan a intanet, ka karanta na 'yan Najeriya ka ga yadda alƙalai ke tunani. Kuma ka sani, in aka yi shakka, tsaron ƙasa ake bai wa gaskiya. Tun 1988 Kotun Ƙoli ta ce wannan izini ba haƙƙin kowa ba ne.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Yanzu haka na kira Hajiya ta nemo mini takardar filin. Sai dai Yaya, yaya zan tambayi ƙanen nawa sunan bataliyarsa ba tare da na gaya masa dalili ba?