Yuriya ko salfa ga filin ciyawa na ban ruwa?

Mai Hekta Huɗu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da filin ciyawa hekta 4 da nake malala wa ruwa, kuma ruwan kan kwana biyu a kwance kafin ƙasa ta tsotse. Bana ina so in yanka sau biyu in yi ingirici. Takin yuriya zan zuba ko takin salfa, wato amoniyam salfet? Kafin sakin ruwa ko bayansa?

Makiyayi: Wa alaikumus salam. Ka nemi kashin shanu kawai, ya fi su duka.

Baban Yara: Salfa, Malam. A wajenmu buhunta ya fi araha.

Ɗalibin Gona: Baba, mu nan ita ta fi tsada, kuma ba buhu ake dubawa ba. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23, na salfa kilo 10 da rabi. Sai ka zuba fiye da buhu biyu kafin ka kamo ɗaya. Ga shi salfa ta fi sa ƙasa tsami idan aka dage da ita, sai dai tana ƙara sinadarin salfa da ciyawa ke so.

Tsohon Manomi: Ni yuriya ta ƙona mini rai bara. Na watsa buhu shida a kan ƙasa mai danshi, ta maƙale cikin tsohuwar ciyawar da ta yi katifa, da niyyar washegari layina na ruwa ne. Maƙwabcina na sama ya toshe hanyar ruwa kwana takwas. Rana tana dukanta, takin yana tashi iska, ina ji ina gani. Da ya sako ruwan kuma sai ya zo da ƙarfi, ya kwashe abin da ya rage zuwa gindin fili. Ciyawar da na yanka ko rani ba ta fitar da shanuna ba, sai da na sayar da karsana.

Direba: To ai na ƙasa da kai tukuici ya kamata ya kawo maka, ciyawarsa ta sha taki kyauta!

Ɗalibin Gona: Allah ya mayar da alheri, Baba, amma ba laifin yuriya ba ne. Tana son ruwa mai sauƙi ya shigar da ita ƙasa cikin kwana ɗaya ko biyu. Taki mai sinadarin naitiret ma ya fi asara inda ruwa ke kwanciya. Malam ya raba takin biyu, rabi yanzu, rabi bayan yankan farko.

Tsohon Manomi: Yaro, shekara nawa ka yi kana ban ruwa? Takarda ba ta san maƙwabci ba.

Baban Yara: Gaskiyar Baba. Mu ma na sama da dare suke buɗe ruwa, ka kai ƙara a ce ka yi haƙuri. Shekara uku muna roƙon a rubuta jadawali a liƙa a bakin madatsa.

Makiyayi: Ko an rubuta, wa zai kwana a wurin yana gadi?

Mai Hekta Huɗu: Na gode ƙwarai. Amma don Allah, kafin ruwa ko bayansa?

Baban Yara: Kai ma waye a samanka?