Inshorar mota ga yaro sabon direba a garin jami'a: ku kawo abin da kuka gani

Baban 'Yan Biyu, College Station: Salamu alaikum. Babban ɗana ya cika 18, ya samu gurbi a jami'ar Texas A&M, nan garin da muke a Amurka. Na kira kamfanin inshorarmu don a sa sunansa, kuɗin da suka yanka min ya kusa ninka abin da muke biya ni da mahaifiyarsa. Yaron nan ko madubin wani bai taɓa gogewa ba. Waɗanda suka riga mu, yaya kuka yi? A raba masa tasa, ko a bar shi a tamu?

Hajiya, Ann Arbor: Wa alaikumus salam, Malam. Bar shi a taku. Lokacin 'yata mun tambayi kuɗin ta daban, ya fi tsada nesa ba kusa ba, domin duk rangwamen da muke samu na motoci biyu da na gida ba zai bi ta ba. Su ba ruwansu da tarbiyyar ɗanka, shekarunsa suke kallo. Ƙididdigar CDC, hukumar lafiya ta Amurka, ta nuna direbobi 'yan 16 zuwa 19 suna shiga haɗarin da ake rasa rai kusan ninki uku na 'yan 20 zuwa sama, idan aka auna da nisan tafiya. Abin da ya taimake mu shi ne rangwamen ɗalibi mai ƙoƙari, yawanci makin B ko 3.0. Sai ka tambaya da bakinka, kuma ka riƙa tura sakamakon jarrabawa idan an zo sabuntawa. Ka ma gode Allah ba a Michigan kake ba. Kafin Yulin 2020 dole ne kowa ya sayi kariyar jinya marar iyaka, kuma har yau kuɗinmu na cikin masu tsada a Amurka.

Malam, Ames: Ni abin da zan ja hankali a kai shi ne inda motar take kwana. 'Yata ta tafi jami'a a Iowa City, shekarar farko ba mota. Da yake nisan ya wuce mil 100, aka ba mu rangwamen ɗalibin da ke nesa da gida, kuma idan ta zo hutu tana tuƙi abinta. Shekara ta biyu ta tafi da motar, muka sanar da su sabon adireshi, rangwamen ya tafi. Wani ɗan'uwa ya shawarce ni in yi shiru, tunda shi ma haka ya yi wa ɗansa. Ba a daɗe ba aka bugi motar ɗan nasa a gaban gidan hayarsa, mai binciken kamfani ya fara tambayar tun yaushe motar take kwana a can. Sun sha jeka-ka-dawo kafin maganar ta ƙare.

Ɗalibi, Champaign: Iyayena ku yi haƙuri in sa baki, mu da ba mu da kowa a nan namu ya fi zafi. Na zo daga Zariya ina ɗan 19 da lasisin gida, amma wurin inshora aka ɗauke ni kamar ranar na fara riƙe sitiyari. Tsohuwar Corolla na saya, ban sayi kariyar gyaran motata ba, don kuɗin kariyar da abin da zan fara biya daga aljihuna kafin su biya sun kusa kai darajar motar. Na kuma yarda aka sa min manhajar waya mai lura da tuƙi. Ta rage min kuɗi, sai dai tana ƙirga taka birki da ƙarfi da tuƙin tsakar dare. A goman ƙarshe na azumi, zuwa tahajjud kawai ya sauke min maki. Baba, ka kuma gaya wa ɗanka maganar aron mota. Mu mun saba aboki ya ce ba ni makulli, ka ji kunyar hanawa. A nan inshora motar take bi, idan abokin ya yi ɓarna takardarku za a fara taɓawa, kuɗinku ne zai hau.

Maman Yara, Lubbock: Yaron nan ya faɗi gaskiya. Ni kuma roƙona, Yaya, kada neman sauƙi ya sa ka sauka zuwa mafi ƙarancin da doka ta yarda. A Texas dala 30,000 ne ga mutum ɗaya da ya ji rauni, 60,000 ga haɗari gaba ɗaya, 25,000 ga dukiya. Dubi manyan a-kori-kurar da suka cika titinku, wace ce dala 25,000 za ta saya? Ɗana ya shigar wa wata sabuwa ta baya ranar wasan ƙwallon jami'a, cikin cunkoso, ba ma gudu yake ba. Da muka ga takardar gareji jikina ya yi sanyi. Allah ya sa mun riga mun ɗaga namu zuwa 100,000 na dukiya, kuma bambancin kuɗin a wata bai taka kara ya karya ba. Ku da filin wasanku ke ɗaukar sama da mutum 100,000, ranar wasa a ajiye mota a gida. Sannan idan ya ce zai riƙa kai abinci na DoorDash ko Uber Eats don samun na kashewa, a sanar da kamfani tukuna. Inshorar gida yawanci ba ta biyan haɗarin da ya faru ana kan aikin kuɗi.

Kawu, Samaru: Ikon Allah! Mu nan naira 15,000 ce a shekara tun Janairun 2023, tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3, ba wanda ke tambayar shekarun mai tuƙi. Yawancinmu ma sai da 'yan sanda suka matsa a Fabrairun 2025 muka nemi takardar. Allah ya tsare mana yaran.

Baban 'Yan Biyu, College Station: Amin, Kawu. Na gode ƙwarai, jama'a. Saura guda: 'yan biyun sun cika 15, sun fara maganar takardar koyon tuƙi. Su ma tun yanzu za a fara caja ta?

Maman Yara, Lubbock: Namu kamfanin bai ƙara ko sisi ba lokacin takardar koyo, sun dai ce a sanar da su. Ranar da lasisi ya fito kuɗi ya hau. Ka tambaye su wace mota za su jingina wa yaran, don wasu kamfanonin motar da ta fi tsada a gidan suke liƙa wa ƙaramin direba. Kuma kafin su cika 18, dokar Texas ta hana su tuƙi daga sha biyun dare zuwa biyar na asuba sai don aiki, makaranta ko larurar lafiya, ba kuma su ɗauki fiye da fasinja ɗaya ɗan ƙasa da 21 wanda ba ɗan gida ba.